Zuciyar da Ke Hawa Bene

Mai Agogo bai mutu a asibiti ba, amma ya leƙa, kuma ba ciwon zuciyar kaɗai ya kai shi bakin ƙofar ba. Gadon ne. Mutumin da ya tsufa a bakin taga, gilashi a ido ɗaya, yana tonon cikin agogunan mutane, shi aka kwantar rigingine ƙarƙashin fitilar da ba a kashewa, aka hana shi ko da ɗan sukudireba. Ya rage ci, ya rage magana, daga baya har faɗa ya daina. Matarsa, wadda duk mazauna benen suke kira Gwaggo, ranar da ta miƙa masa shayin da ya huce ya karɓa ya shanye bai ce uffan ba, ranar ta san mijinta ya fara haɗa kayansa.

Ta tsare Likita a baranda, ta bi shi har ƙofar ofis, washegari ta sake. Ƙarshe dai ya yarda ya sallame shi, amma da sharaɗi. Aka ɗaura wa tsohon wani baƙin abu a wuyan hannu, mai siffar agogo, wanda ke sauraron bugun zuciya yana aika labari asibiti. A can akwai ɗaki mai alluna, da ma'aikatan jinya waɗanda aikinsu ke nan, su zauna su kalli zukatan mutanen da ke gidajensu.

"In ya nuna kore, yana gida," in ji Likita. "In rawaya ce, za mu kira. In ta yi ja, ko rawayar ta ƙi wucewa, to Mama, gadonsa yana nan."

Mai Agogo ya ɗaga hannu ya kara abin a kunne. Ya girgiza shi, ya sake karawa.

"Wannan ne agogon? Ba hannu, ba sifirin, ba ya ko motsi. Wa ya haife shi?"

Gwaggo ta ji daɗi har cikin ranta. Faɗan ya dawo.

Gidansu ɗaki biyu ne da ɗan falo a hawan ƙasa na wani tsohon bene. Tagar falon tana kallon titi, a gindinta teburin aikinsa yake, da gwangwanayen ƙananan kusoshi da agogunan da masu su suka manta da su. Can saman benen, bayan matakala mai tsawo, akwai fili inda matan gidan suke shanya.

Kwanakin farko rawaya ta yi ta zuwa. Duk zuwanta sai waya ta yi ƙara, sai muryar Sista Doguwa, wadda aka ba ta shi cikin majinyatanta: "Baba, me kake yi yanzu? Ka zauna. Ka sha maganin? Ka ɗan huta, zan sake kira." Yarinyar ba ta da laifi, muryarta ma mai sanyi ce. Amma shi duk lokacin da wayar ta yi ƙara, ƙarar tayoyin gadon asibiti yake ji. Sai ya ajiye sukudireba, ya cire gilashin daga ido, ya haɗa hannu a cinya yana jira. Abinci ya fara komawa kicin yadda ya fito.

Wata safiya Gwaggo za ta taimaka masa ya yi wanka, ta kwance abin don kada ya jiƙe. Ga tawul a kafaɗa, ga sabulu a hannu, ba inda za ta ajiye, sai ta zura shi a nata hannun ta ja maɗaurin. Ruwan shayi ya tafasa, maƙwabciya ta ƙwanƙwasa neman aron dutsen guga, rana ta yi. Sai da yamma ta lura da abu biyu tare: agogon yana hannunta, kuma tun safe wayar ba ta ce ƙala ba. Mijinta kuwa yana bakin taga, ya buɗe cikin wani tsohon agogon bango, yana zagin wanda ya taɓa gyara shi kafin shi.

Ba su yi shawara ba. Ta dube shi, ya dubi hannunta, ya mayar da gilashinsa.

"Ya fi kama ki," ya ce. "Ni dama hannuna bai saba da agogon da ba ya magana ba."

Wauta ce, ba mai cewa ba wauta ba ce. Sai dai wanda bai taɓa zama a gefen gadon asibiti yana kallon nasa yana narkewa ba, kada ya yi saurin ɗaga murya.

Tsoho ya koma cin abinci, ya koma ƙorafin gishiri. Amma ƙafafunsa suna cika takalmi, kuma daga kujera zuwa taga sai ya dafa tebur ya jira numfashinsa ya iso shi. Gwaggo tana gani. Ta ƙara masa matashin kai, ta riƙa ba shi ƙwayoyinsa a kan kari, ko ɗaya ba ta tsallakewa. A ganinta, muddin ƙwayoyin nan suna shiga, sauran duk surutun na'ura ne.

Ɗakin alluna taga ɗaya gare shi, ita ma bango take kallo. Ba rana a ciki, ba inuwa, sai sanyin na'ura da layuka masu tafiya daga hagu zuwa dama, kowane layi da mutum a ƙarshensa. Wani yana rawar jiki, wani yana tuntuɓe, wani ya yi tsalle ya tayar da ƙararrawa. Mai zama a wurin sai ya ji kamar a ƙarƙashin ruwa yake, yana kallon igiyoyin masu kamun kifi suna lilo daga sama.

A cikin layukan nan duka, Sista Doguwa ta sami ɗaya da take hutar da idonta a kai. Na Mai Agogo. Tun da ya koma kore bai sake ba ta wahala ba, kuma kyau gare shi. Da sassafe ya farka a hankali, ya yi 'yan kai-komo. Da hantsi ya ɗauki wani kaɗawa mai tsari, gaba da baya, gaba da baya. Daga nan sai ya hau, ya yi ta hawa kamar tsuntsun da iska ta ɗauka, ya tsaya can sama ya ɗan jima, sa'annan ya sauko a natse. Da azahar ya kwanta shiru. Idan ja ta tashi a wani wurin, aka yi guje-guje aka tura motar asibiti, bayan ƙura ta lafa nan take dawowa ta sauke numfashi. Wani lokaci har ta ji kamar tana jin iska a fuskarta idan layin ya kai can sama, ba ta san dalili ba.

Abokin aikinta, wanda suke kira Rediyo don bakinsa ba ya hutawa, ya gano ta.

"Doguwa ta yi saurayi! Kullum ido a kan mutum ɗaya. Yaushe za a kawo mana katin gayyata?"

"Rufe mana baki, ka kalli naka. Ga ɗaya can yana neman rawaya."

"Nawa ai duk 'yan rigima ne. Ke aka ba na kirki don kin fi mu tsawo, kin fi hango alheri."

Ƙa'idar ɗakin ita ce mai kore ba a damunsa, sai ɗan kiran gaisuwa jefi-jefi. In ta kira, abin saurare a kunne, ido a kan allo, sai ta ce, "Baba, ina wuni, yaya jiki?"

"Da... sauƙi. Alhamdu... lillahi."

Tana jin ramukan da ke tsakanin kalmomin. Amma layin yana gabanta kwance lumui, sai ta ce a ranta wayar ce ke yankewa.

Wata rana Likita ya shigo ya tsaya a bayanta, ya duba abin da aka tara na makonni, ya gyaɗa kai. Ya ce zuciyar nan ta daidaita fiye da yadda ya yi zato, ba dalilin ci gaba da ɗora mata magani mai ƙarfi. Mako mai zuwa za a rage. Ya ce ta sanar da su.

Da murnarta ta kira. A falon, wayar tana kan tebur an buɗe muryarta, Gwaggo tana tsaye da kwanon wanki a ƙugu.

"Baba, albishirinka! Likita ya ce zuciyarka ta yi kyau. Mako mai zuwa za a rage maka maganin."

Mai Agogo ya yi dariya, irin ta wanda ya ci wasa. "Madalla! Ai na... gaya muku. Ki gaishe... da shi."

A kan allon kuwa layin ya zabura, ya yi sama kamar an watsa masa ruwan sanyi. Doguwa ta yi murmushi, ta ce farin ciki ne. Ta juya ga wani majinyacin.

Gwaggo ta hau bene da wankinta. Ba kowa a saman sai zannuwan gado na maƙwabta, farare, iska tana cika su tana sakewa. Ta shanya riga ɗaya ta tsaya. Rufin gidaje ya miƙe har inda ido ya gaza, can nesa ga dogon ginin asibitin yana rawa cikin hasken rana kamar ba a ƙasa yake ba. Ta ɗaga hannunta ta dubi baƙin abin. Ashe duk kwanakin nan wata yarinya tana can tana kallonta. Ta ga tashinta, ta ga wankinta, ta ga hawanta. Tun da uwarta ta rasu ba wanda ya taɓa zama yana lura da fitar numfashinta. Zanin gado ya kaɗo ya lulluɓe mata fuska, ta bar shi. A cikin farin nan ta ga gadaje jere suna tafiya a kan iska ba mai tura su, ta ga mijinta a kan ɗaya, hannuwansa a cinya, ba ya faɗa da kowa. Ta yaye zanin. Sai kuma ta ga kwalbar maganinsa, rabi babu, da ƙafafunsa cikin takalmi.

Da ta sauko ta same shi ya jingina da tebur.

"Malam, ka ji abin da yarinyar nan ta ce."

"Na ji. Da kunnena."

"Maganinka za su rage saboda zuciyata."

"To ai sai ki yi alfahari. Likita guda ya yaba miki."

"Ba wasa nake ba. Ƙwayoyin nan su ke riƙe da kai."

Ya cire gilashin, ya daɗe yana goge shi da bakin riga. "In kika mayar min da shi, za su ga abin da ke ciki. In suka gani, kin san inda za ni. Ni kuwa in na koma can, ba da ƙafata zan fito ba. Ki bar ni a bakin tagata."

Ta kama maɗaurin, ta sake. Ta kuma kamawa, ta kuma sakewa. Haka ta wuni, haka ta tashi washegari, hannun dama yana zuwa wurin na hagu yana dawowa.

A ɗakin alluna akwai wani zama da shugabarsu, Babbar Sista, ta kafa, suna kiransa zaman waiwaye. Ƙarshen kowane mako, da la'asar, a bar mutum ɗaya yana gadi, sauran su juya kujerunsu su ba alluna baya. Dokarta ke nan, ba a waiwaye ana kallon allo. Kowa ya kawo abu ɗaya da ya faru a aikinsa, ya faɗi yadda ya gudana, da abin da ya ji a ransa, ba don a kama mai laifi ba. Ita Babbar Sista ba ta cika ba da amsa ba, tambaya ce sana'arta, ta jefa ta ta naɗe hannu.

Ran nan Rediyo ya gyara zama zai kawo labarin wata ja da ta tashe su tsaye, ta ɗaga masa hannu.

"Yau ba na son ja. Kullum ja, kullum ja, kamar su kaɗai aka ba mu. Kowa ya kawo min wanda bai ba shi wahala ba."

"Ranki ya daɗe, ai sai Doguwa," in ji Rediyo. "Ita ke da ango."

Aka yi dariya. Doguwa ta harare shi, amma ta fara. Da yake allon yana bayanta, sai ta lumshe ido ta zana layin da baki. Ta faɗi farkawarsa da sassafe, da kaɗawar hantsi mai zuwa gaba da baya, da doguwar hawan nan da tsayawa a sama.

"Kaɗawar nan, da me ta yi miki kama?" in ji Babbar Sista.

"Da wanki. Kamar mai cuɗa kaya a kwano."

"Hawan fa?"

"Matakala ce. Mai tsawo. Kullum sai ya hau."

"Tsoho mai ran ƙarfe!" in ji Rediyo. "Ga wanki ga hawan bene. Ni ma a nemo min irin ciwonsa."

Wannan karon Doguwa ba ta yi dariya ba. Idonta yana rufe har yanzu.

"Ranar da aka sallame shi kina nan?" Babbar Sista ta tambaya.

"Ina nan. Ni na tura kekensa har bakin mota. Ƙafafunsa sun kumbura, da ƙyar ya taka daga keken zuwa kujera."

"In kin kira shi, yaya muryarsa?"

"Tana yankewa."

"Me kika gaya wa kanki?"

"Na ce waya ce."

"Matarsa ta taɓa ɗauka?"

"Ta taɓa."

"Tata muryar tana yankewa?"

Doguwa ta buɗe ido a hankali kamar wadda aka tasa daga barcin rana.

"Ba ta yankewa," ta ce. "Kuma shekaranjiya da na ce za a rage magani, shi dariya ya yi. Amma layin tsorata ya yi. Na ce murna ce. Murna ba ta wuni a sama haka, ranki ya daɗe. Har na tashi aiki bai sauko ba." Ta dafe ƙirji. "Wanda ya yi dariya daban, wanda ya tsorata daban. Ba zuciyarsa nake kallo ba. Ta matarsa ce."

"La ilaha illallahu," in ji Rediyo, ya miƙe. "A tura mota yanzu a ɗauko shi!"

Babbar Sista ta ce, "Zauna tukuna. Doguwa, kunnenki ya gaya miki, idonki ya ƙaryata shi, kika bi ido. Duk cikinmu ba wanda bai taɓa yi ba, ɗakin nan haka yake koya wa mutum. Ba shi na tambaye ki ba. Me ya sa tsohuwa za ta ɗaura agogon mijinta?"

Doguwa ta tuna kwanakin farko. Ta tuna yadda take kira duk sa'ad da rawaya ta leƙo, da yadda muryarsa take ƙanƙancewa daga kira zuwa kira, har ya koma "to" da "na ji" kawai.

"Tsoron mu suke ji," ta ce. "Ni ina kira ne don in taimaka. Su kuwa duk kira, gadon suke ji yana matsowa. In na tura mota yau, na tabbatar musu."

"To me za ki yi?"

Doguwa ta tashi ta nufi ofishin Likita. Ta gaya masa komai, ya ajiye alƙalami ya ce maganar ragi ta mutu. Suka daɗe suna magana. Da ta dawo ta juya kujerarta ta fuskanci allo, ta sa abin saurare, ta kira.

Tun wayar tana ƙara ta ga layin ya fara hawa, ba kuwa lokacin matakala ba ne.

Mai Agogo ya ɗauka. Ta gaishe shi, wannan karon ta kawar da ido daga allon ta saurari ramukan da kyau. Sa'annan ta ce, "Baba, Gwaggo tana kusa? Ina so in gaishe ta."

Aka ji takun silifa, aka ji an ja numfashi.

"Salamu alaikum, 'yar nan."

"Wa alaikumus salam, Gwaggo. Ki sami wuri ki zauna, zuciyarki tana gudu."

Shiru. Doguwa tana kallon shirun nan a kan allo, yana bugawa da sauri.

"Kin gani ke nan," in ji Gwaggo daga baya.

"Na gani. Na daɗe ina gani, ban gane ba sai yau. Kuma bari in gaya miki, zuciya gare ki mai kyau, Allah ya ƙara lafiya. Duk ɗakin nan ba wadda ta kai ta. Amma ba ita aka ba ni ba."

"Za ku ɗauke min shi."

"Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. In ta yi ja, za mu zo, ke ma ba za ki so mu ƙi zuwa ba. Amma na yi magana da Likita. Rawaya kaɗai ba za ta mayar da shi gado ba, sai an zo gida an duba shi, an zauna da ku. Kuma na daina yi muku kiran ba-zata. Kullum da safe zan kira, ko kore ko rawaya, mu gaisa, ki gaya min abin da idonki ya gani, don ni daga nan ba na ganin ƙafa."

"Sun kumbura," Gwaggo ta ce. "Takalmin ma ba ya shiga. Na rasa wanda zan gaya wa."

"To ga ni. Ki ba ni tasa zuciyar, Gwaggo. Ko yaya take, ita nake so."

A falon, Gwaggo ta dubi mijinta. Ya juya fuska yana kallon titi, inda rana ta yi ja-ja a kan gilasan motoci. Ta kwance maɗaurin. A kan allon layin nan mai kyau ya yanke, wurin ya zama fili.

"Malam, kawo hannunka."

Bai motsa ba.

"Malam. Na ɗauke maka iya abin da zan iya. Wannan ba ya ɗaukuwa."

Sa'annan ya miƙo hannun ba tare da ya juyo ba, kamar mai ba da aron abin da ba ya so ya bayar. Ta lalubi maɗaurin, ta kasa samun raminsa.

"Ba nan ba, na gaba," ya ce. "Shekara nawa kina auren mai agogo, ɗaura agogo ya gagare ki."

Sabon layi ya fito. Ba shi da kyau. Yana tafiya yana tsallake, ya yi sauri ya tsaya ya tuna ya ci gaba. Rawaya ta kunnu a gefensa. Doguwa ta ji Likita ya zo ya tsaya a bayanta, Babbar Sista a gefe, Rediyo ma ya matso. Suka yi ta kallo. Rawayar ta tsaya a rawaya.

Likita ya sunkuyo ya karɓi abin maganar. Ya ce magani yana nan yadda yake, za a ƙara wani na rage ruwan ƙafa, gobe da safe ma'aikaciya za ta zo gida ta duba shi.

"Gado fa?" in ji Mai Agogo.

"Akwai masu buƙatarsa fiye da kai yau, Baba. Amma agogon nan ya sake canza hannu, da kaina zan zo in ɗauke ka."

"Ba ni yarinyar." Da ta karɓa tsohon ya ce, "Ke 'yar nan, yaya... kika gan shi? Kada ki yi min kwana-kwana."

"Yana ɗingishi, Baba. Yana tsallake."

"Na sani, ai a cikina yake. Irinsa na sha gyarawa. Ba a yi masa... gaggawa. Ku dai riƙa saurare."

Ƙafafun suka saɓe a hankali. Rawayar ba ta tafi duka ba, tana zuwa tana komawa, amma wayar ta daina zama abin tsoro a gidan, tunda an san lokacinta. Tsohon har jiranta yake, ya tanadi ƙorafinsa tun asuba.

Gwaggo kuwa, agogon ya bar mata farin zobe a wuyan hannu, inda rana ba ta taɓa ba. In ta hau bene da wanki takan tsaya tsakanin zannuwa ta shafa wurin, ta dubi dogon ginin can nesa. Yanzu ba mai ganin hawanta. Hannun ya yi mata sauƙi, har ya yi yawa.

Ita ma Doguwa, da hantsi ya yi, sai ta kama idonta yana yawo a kan allo yana neman layin da zai tashi sama. Babu. Sai mai ɗingishin nan, yana tafiyarsa a bakin taga. Wata safiya kiran ya ɗan makara, bayan ta gama tambayar ƙafa da numfashi da magani, ta kasa ajiye wayar.

"Baba, Gwaggo fa? Ta hau bene?"

"Yanzu ta fita da kwanonta. Tsaya." Ya ɗaga wayar sama, wajen silin. "Kina ji?"

Ta danna abin sauraren a kunnenta, ta rufe ido. Can ƙasa-ƙasa, bayan ƙyas-ƙyas ɗin agogon bangon da ya gyara, ga takun silifa a kan matakala, ɗaya bayan ɗaya, yana hawa.